Goron Kyauta: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Saya wa Maciyinsa

Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, idan ka tsaya a bakin kara ka ƙyale shanun ka dubi mutanen, za ka ga kusan duk dillalin da ya manyanta yana da abin da yake juyawa a kumatu. Ana tayi, ana cewa albarka, hannu yana shiga aljihun gaba yana fitowa da ɓarin goro. Ba yau aka fara ba. Shanu su gangara Kudu, goro ya hauro Arewa, haka cinikin nan biyu suka daɗe suna gaisawa a hanya.

A cikin masu taunar nan akwai wanda yake ci don kada gyangyaɗi ya kama shi, ko wane iri aka miƙo masa zai jefa a baki. Akwai kuma wanda ya san goro kamar yadda Bafillace ya san saniyarsa, tun daga nesa zai gaya maka inda ya fito da watannin da ya yi a ajiye. Na biyun nan shi ne mai wuyar yi wa kyauta, kuma yawanci shi ne wanda ya fi cancanta a yi wa: suruki, malamin da ya koya maka karatu, kaka, maigidan da ya ɗora ka a kan sana'a.

Ni ma na taɓa cin wannan tuntuɓe. Watan da na fara karɓar albashi na saya wa kawuna ƙwarya guda cur, manya-manya, jajaye, sai ƙyalli suke yi. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta sa albarka, har da tukwici. Bayan la'asar sai na ga yana ɗiba yana raba wa masu zuwa gaisuwa, shi kuwa ya laluba aljihu ya ciro wani ɗan madaidaici wanda ba shi da wani kwarjini, ya ɓare abinsa. Da na kai ƙorafi wurin matarsa, dariya ta yi. Ta ce, “Ɗan nan, ai goron biki ka kawo masa. Shi daushe yake ci.”

To, abin da za a fara riƙewa ke nan. Goron rabo daban, goron ci daban. Na ɗaurin aure da na suna da na gayyata, yawa ake nema da kyan gani, domin hannu ɗari zai shiga, kuma rabin masu karɓa aljihu za su saka su kai wa tsofaffinsu a gida. Wanda za ka kai wa maci goro kuwa baki ɗaya zai shiga, bakin da ya shekara talatin ko arba'in yana tantancewa. Ba a burge irin wannan baki da tuli.

Mai ɓari biyu

Goron da Bahaushe yake nufi idan ya ce goro shi ne mai rabuwa gida biyu idan an ɓare. Yarbawa, waɗanda a gonakinsu mafi yawansa yake fitowa yau, suna kiransa gbanja, kuma sunan da kansa tarihi ne: Gwanja ce, ƙasar da fatakenmu suke zuwa sarinsa a arewacin Gana ta yanzu. Yarbawa suna da nasu na gargajiya, abata, mai ɓari uku ko huɗu ko fiye, shi suke amfani da shi a al'adunsu, haka ma Inyamurai wajen tarbar baƙo. Irin wannan mai ɓari da yawa, musamman mai yauƙi a baki, shi ake ce wa hannun ruwa a nan, kuma ba abin kai wa dattijo ba ne. Namijin goro kuwa suna kawai ya tara su, itaciyarsa daban ce, ɗacinsa daban, masu nemansa ma galibi don tari ko maƙogwaro suke nema. Kada wani ya ce maka ai duk goro ne.

Daushe

Nan ne maganar take da nauyi, saboda haka bari mu ɗan zauna.

Goro yana fitowa ne cikin kwanso, 'ya'ya da yawa a kwanso ɗaya, kowanne lulluɓe da wata farar fata. Idan an fasa kwanson sai a jiƙa 'ya'yan ko a tara su har fatar ta ruɓe, a wanke, a zuba a kwando na 'yan kwanaki ya tsane ya fitar da gumi. Daga nan a shimfiɗa ganye a cikin wani kwandon, a jera shi, a rufe. Babbar kakarsa a Kudu tana kamawa daga wajen Oktoba zuwa Disamba, lokacin ne sabon goro yake cika kasuwa, ya yi araha.

Sabon goro yana da ruwa a jika, yana da kauri a ido, amma baurinsa yana kama harshe, wani ma har ya sa mutum jiri idan ya ci da yawa. Wanda aka ajiye ya kwana watanni, har ya tsallaka zuwa wata kakar, shi ne daushe. A tsawon zaman nan ruwan jikinsa yana raguwa a hankali, baurin ya kwanta, garɗi ya fito, idan ka gatsa ka ji ya karye ƙaras, ba ya danƙo. Bayan ka haɗiye, ka kurɓi ruwa, sai ka ji ruwan ya yi zaƙi. Wannan zaƙin bayan ɗaci shi ne abin da masu ci suke bi.

Ajiyar kuwa ba a jefa kwando a ɗaki a manta ba ce. Bayan 'yan makonni sai a buɗe, a bi shi ɗaya bayan ɗaya, a tsame wanda ya fara lalacewa, a fizge tsiron wanda ya fara tsira, a sake sabon ganye, a mayar. Kowace buɗewa akwai asara. Kwandon da aka rufe a cike ba ya kaiwa baɗi a cike. Wannan wahala da wannan asara su ne kuɗin da kake biya idan aka tsuga maka farashin daushe, don haka kada ka ga kamar mai goro ya raina maka wayo ne.

Sai dai a kula, ba kowane tsohon goro ne daushe ba. Akwai wanda sakaci ya tsufar da shi: iska ta buge shi, ya yamushe, ya bushe kamar itace, cikinsa ya koma ruwan ƙasa. Wannan busasshe ne, ko kyauta aka ba ka ba riba. Daushen kirki yana nan da nauyinsa a tafin hannu, fatarsa a miƙe, idan an ɓare cikinsa da sauran rai.

Akwai kuma masu ci da suka fi son sabon, saboda ƙarfinsa. Ba su da yawa cikin dattawa, amma akwai su. Shi ya sa tambaya ta fi hasashe. Ba shi za ka tambaya ba, domin kunya ba za ta bar shi ya zaɓa ba, zai ce maka duk wanda ya samu. Tambayi uwargidansa, ko yaron da yake aika saye. Su suka san teburin da yake aikawa da irin da ake kawo masa.

Fari ko ja

Kowa ya san amsar albishir. A ce maka albishirinka, ka ce goro, a ce fari ko ja, ka ce fari. Farin goro shi ne na girmamawa, shi ake kai wa sarakuna da malamai, kuma ya fi tsada saboda ya fi ƙaranci. Masu ci da yawa suna cewa ya fi laushin ɗanɗano, ja ya fi kaifi. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, fari da ja da mai ruwan hoda ba lalle ne su zama iri daban-daban ba. Itaciya ɗaya tana iya ba da su duka, wani lokaci ma a kwanso ɗaya. Tsincewa ake yi a ware.

A ganina, idan ba ka san zaɓin mutum ba kuma girmamawa ce a gaba, fari ya fi kwanciyar hankali. Amma farin goro ba ya rufa asiri, ɗan bugu kaɗan sai tabo ya fito, saboda haka ya fi bukatar a duba shi da kyau. Idan kuwa ka san mutuminka ja yake ci, kada ka kai masa fari don kawai ya fi tsada. Zai gode, ya ajiye wa baƙi.

Girma ma yana da sunayensa tun zamanin fatake. Manyan su ne goriya, sai marsa, sai saran waga, ƙananan can ƙasa kuma minu. Goriya ta ido ce, tana cika faranti, tana fita kunya a gaban surukai. Amma girma ba shi ne daɗi ba, kuma wanda yake ci shi kaɗai yakan fi son madaidaici, wanda zai ɓare ya cinye kafin ɓarin da ya rage ya yi baƙi a aljihu. Goro da zarar an ɓare shi iska ta taɓa, launinsa ya fara juyawa ke nan.

Sankara

Kalmar da muke kiran cutar daji da ita, ita ce dai ake kiran ciwon goro da ita, kuma kirarin da ake yi mata, ɓata goro, ba a banza ba ne. Wani ɗan ƙwaro ne yake huda goron ya saka ƙwai, sau da yawa tun a gona, musamman kwanson da ya faɗo ya kwana a ƙasa. Tsutsar ta ƙyanƙyashe a ciki, ta yi ta ci tana barin gari mai launin ƙasa, alhali waje yana nan sumul. Idan ta girma ta fito, ta bi na kusa. Ɗaya yana iya lalata kwando.

Saboda haka idan ka je saye, ka zauna. Kada ka tsaya a kan babur ka ce a ƙulla maka. Ɗauki kowane ɗaya ka juya shi, ka duba wajen tsagar da ɓari biyun suka haɗu da wajen gindin, nan ne ƙaramar huda ko ɗigon baƙi yake ɓuya. Ka matsa da yatsa, inda ya lotsa akwai magana. Wanda ya yi sauƙi fiye da girmansa, ajiye shi. Sannan ka ce wa mai goro, “Malam, a ɓare mini ɗaya in gani.” Kai za ka zaɓi wanda za a ɓare, ba shi ba, kuma ka biya kuɗinsa. Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan, wani ma daɗi zai ji ya ga wanda ya san abin da yake nema.

Ka kuma shinshina. Saboda tsoron sankara, wasu masu ajiya suna sa maganin ƙwari a kaya, alhali goro abu ne da ake ci ɗanye, ba a dafawa, ba a fere shi. Goron kirki ƙanshin ganye da danshi yake yi. Idan ka ji wani wari mai kama da na shagon maganin feshi, ko warin fumfuna, ka yi sallama ka ƙara gaba, kome kyansa.

Daga ina ya fito

Za ka ji masu goro suna kiran kaya da sunan gari: wannan ɗan Shagamu ne, wannan na Ondo, wancan ɗan Gana. Al'adar tsohuwa ce, domin goro ba ya fita a ƙasar Hausa, itaciyar kurmi ce mai son ruwa da inuwa, kullum baƙo ne a wurinmu. Tarihin Kano da aka rubuta ya kawo cewa Sarkin Nufe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau goro 10,000, kuma a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja. Ka ga tun farkon shigowarsa a matsayin kyautar manya ya shigo.

Ƙasar Nufe tana da wani goro da ya yi suna ƙwarai, na Laboji, wanda a da sarakunan Bida suke riƙe da shi suna aika wa takwarorinsu. Amma mafi yawan abin da aka ci a Kano a ƙarni na 19 daga kurmin Asante ya fito, ta kasuwar Salaga. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe wannan fatauci. Ayari ya tashi da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, madugu yana jagora, a yi watanni a hanya, a ƙetare Kwara, a ratsa Borgu, a dawo da huhunan goro naɗe cikin ganyen fita, ana tsayawa a zango ana kwancewa ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya ɓaci. Wani Bature mai suna Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a ƙasar Borgu a 1826. Duk goron da ya iso Kano a wancan zamani ya riga ya kwana biyu a hanya, kuma ina kyautata zaton daga nan harshenmu ya saba da wanda ya kwanta.

Yaƙin Ingila da Asante a 1874, da yaƙin basasar Salaga a 1892, sun karya waccan kasuwa. Daga baya hanya ta koma ta teku zuwa Ikko, sannan jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911. Cikin waɗanda suka fara cin moriyar sabuwar hanyar akwai Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji a 1877, wanda ya yi cinikin goro daga Gana kafin ya shahara a gyaɗa, ya rasu a 1955. Jikarsa ce ta haifi Aliko Ɗangote, wanda a 2022 aka sa wa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil sunansa. Ɗalibin da ya tsaya sayen goro a bakin ƙofar makarantar ba lalle ya san sunan da ke kan allon yana da tushe a cikin huhu ba.

A cikin ƙarni na 20 ne manoman ƙasar Yarbawa suka rungumi shuka irin na Gwanja, Hausawa kuma suka kafa unguwannin Sabo a garuruwa kamar Shagamu da Ibadan suna saye suna turowa gida. Yau Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman goro, Arewa kuma ita ce babbar maciyarsa.

Shin sunan gari yana tabbatar da kyau? Ba kullum ba. Kaya yana ratsa hannuwa da yawa kafin ya iso tebur, ana gauraya, kuma suna ba ya biyan kuɗin mota. Sunan garin ya zama maka abin fara hira, amma ido da hanci da harshe su ne shaidu.

Inda za a saya, da nawa

Mutumin Wudil ya yi sa'a, domin babbar kasuwar goro ta Mariri tana kan hanyarsa ta shiga Kano, a titin Maiduguri. Can ne manyan motoci suke sauke kaya, can ake samun zaɓi, kuma idan na biki kake nema can ya fi sauƙi. Sai dai kasuwar sari ce, baƙon ido yana iya ruɗewa, gara ka tafi da wanda ya saba. Don kyautar mutum ɗaya, sau da yawa tsohon mai teburin da ke bakin masallaci ko tasha, wanda ya shekara yana sayar wa dattijon, ya fi amfani. Ka ce masa, “Na Baba nake so, irin wanda yake ci.” Zai sa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo wani ƙunshin da ba ya cikin waɗanda ya baje.

Game da yawa, ƙwarya ita ce goro 100, ita ce ma'aunin biki da na neman aure. Ga mai ci shi kaɗai ta yi yawa, sai dai idan ya iya ajiya ko yana da jama'a. Ashirin ko talatin da aka tsince da hannu sun wadatar. A naɗe su cikin ganye mai ɗan danshi, ko tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka matse. Leda ta ɗan lokaci ce, idan ya daɗe a ƙulle a ciki zai yi gumi ya ruɓe. Kada a bar shi a mota cikin rana. Da hunturu kuwa iskar nan tana busar da shi cikin kwana kaɗan, sai ana yayyafa wa naɗin ruwa, a ajiye a tukunyar ƙasa ko wani wuri mai sanyi. Wajen ƙanƙarar firji yana kashe shi.

Wata magana da ba a son yi, amma dole. Abin da yake sa goro ya kori barci shi ne kafeyin, sinadarin da ke cikin gahawa da shayi, kuma goro yana da shi da yawa, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ko sama da haka. Saboda shi ne ma aka sa sunan goro a lemon da John Pemberton ya haɗa a Atlanta ta Amurka a 1886, wato Coca-Cola. Kafeyin yana ƙara bugun zuciya, yana iya ɗaga jini, yana tayar da gyambon ciki. Dattawa da yawa likita ya ce su rage ko su bari, kuma ba kowa ne yake sanar da 'ya'yansa ba. Idan ka je tambayar uwargida irin da yake ci, ka haɗa da tambayar ko har yanzu yana ci. Idan an hana shi, turare ko dabino ko zuma sun fi, kada kyautarka ta zama jarraba a ƙarƙashin matashinsa.

Wajen miƙawa ba a yin dogon bayani. Ba a faɗin kuɗi, ba a cewa na sha wahala kafin na samu. Ka durƙusa, ka gaisa, ka tura ƙunshin gabansa ka ce, “Baba, ga ɗan goro, ba yawa.” Shi zai gane da kansa.

Da sallar da ta biyo bayan waccan ƙwaryar tawa na koma wurin kawuna da guda ashirin, daga hannun mutumin da yake saya a wurinsa. Ya kwance ganyen, ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɓare, ya gatsa. Bai ce komai a kan goron ba, sai ya tambaye ni aiki da mutanen gida. Da aka yi sallama a zaure, kafin baƙin su shigo, na ga ya naɗe sauran ya tura bayan buzu.